Ɗan Birni da Cefanen Ƙauye

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, wannan magana ce a kan mutumin da ya tashi a birni, ya saba da cimar birni da cefanen birni, sa'an nan Allah ya ƙaddara masa zaman ƙauye, shi da iyalinsa.

Irin waɗannan mutane suna da yawa, ba kuwa yau aka fara ba. Tun zamanin En'e akan ɗauki malamin makaranta, ko malamin asibiti, ko malamin gona, a tura shi ƙasar wani hakimi. Da aka fara aikin bautar ƙasa a 1973, aka kuma bubbuɗe makarantun firamare ko'ina a 1976, sai abin ya daɗa yawa. Akwai kuma wanda ya gama aikin gwamnati ya koma garin kakanninsa, da yarinyar da aka haifa a cikin ganuwa aka kai ta aure wani ƙauye mai nisa, da wanda kuɗin haya ya kore shi daga birni. Dukansu abu guda ne ke fara kama su, tun kafin kewar dangi: watau abin da za a ɗora a kan murhu.

Abin mamaki ne a ce mutum ya kwana da yunwa a tsakiyar rumbuna, alhali kuwa da kuɗi a aljihunsa, amma yana aukuwa. Dalili shi ne, ɗan birni bai saba da ajiya ba. A birni kamar Kano kasuwa ba ta tashi. Kasuwar Kurmi tana nan tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ga ta Rimi, ga 'Yankaba ta kayan miya, ga Singa ta kayan masarufi, kowacce tana ci kullum. Bayan su kuma kowane lungu da mai tebur, kowace unguwa da mahauci da injin markaɗe. Saboda haka magidanci yakan miƙa kuɗin cefane da safe ya fita, a aiki yaro ya sayo tumatir da attaruhu da albasa na yini ɗaya, gobe kuma a sake. Aljihunsa shi ne rumbunsa. Ranar da ya sauka a ƙauye sai ya tarar wannan rumbu ba ya buɗuwa sai a ranar da aka sa masa.

Kasuwar ƙauye sau ɗaya take ci a mako. Ta Wudil ranar Juma'a, ta Ɗambatta da ta Mai'aduwa ranar Lahadi, ta Maigatari ranar Alhamis. Waɗansu garuruwan ma da ranar kasuwarsu ake kiransu, kamar Talatar Mafara, da Lahadin Makole, da Larabar Abasawa. Waɗannan kuwa manya ne. Ƙauyuka da yawa ba su da kasuwa ko kaɗan, sai dai su ci ta maƙwabta, tafiyar sa'a guda ko fiye. Wanda ya iso ranar Litinin a garin da kasuwarsa ta ci jiya, to kwana shida ne a gabansa babu nama, babu ɗanyen kayan miya, sai ɗan abin da mai kanti ya ajiye na gishiri da ashana da sabulu, shi ma da tsada, gama daga birni aka ɗauko shi aka biya kuɗin mota.

Ya zo a cikin tarihin sahabbai cewa sa'ad da Abdurrahman ɗan Aufu, Allah ya yarda da shi, ya yi hijira daga Makka zuwa Madina, aka haɗa shi 'yan'uwantaka da Sa'adu ɗan Rabi'u, Sa'adu ya yi masa tayin rabin dukiyarsa. Abdurrahman ya sa masa albarka, ya roƙi a nuna masa hanyar kasuwa kawai. Ya je, ya komo da ribar cuku da man shanu. To, tambayar farko da ta kamaci baƙo ke nan, tun kafin a kwance kaya: yaushe kasuwa take ci, a ina, wa kuma zai raka shi? Matambayi ba ya ɓata.

Rakiyar nan ba ƙaramin abu ba ce. Mutanen kasuwa sun san juna, sun kuma san baƙo tun daga takalminsa. In ya je shi kaɗai za a sa masa suna na baƙo, ba don mugunta ba lalle, sai don kowa na zaton mai albashi ba ya jin tsada. In kuwa ɗan gari ya riƙe hannunsa ya ce, "Wannan malaminmu ne, a gidan wane ya sauka," to ya shiga cikin mutane. Sa'an nan ya koyi ladabin ciniki. Ba a fara tambayar kuɗi sai an yi sallama an gaisa. Mai kaya ya sa suna, mai saye ya taya, in bai kai ba a ce masa albarka, ya ƙara, har a sallama. Bayan an auna ana neman gyara, ba kuwa abin kunya ba ne. Abin da ba a so shi ne mutum ya tarar wani na ciniki, an kusa daidaitawa, ya zura baki ya ƙara kuɗi don ya fi shi ƙarfi. Wannan shari'a ta hana shi, mutanen ƙauye kuma ba sa manta wanda ya yi musu haka. Haka nan tarye, watau a tsaya a hanya a saye kayan manomi tun bai shiga kasuwa ya ji yadda take ci ba. Ɗan birni mai gaggawa yakan ga kamar sauƙi ne ya tsai da mai jaki a bakin gari, alhali kuwa abu ne da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana.

Sai maganar awo. Wanda ya saba da sikeli da kaya a cikin leda, a nan kwano zai tarar. A ƙasar Kano tiya ake awo da ita, buhun hatsi kuwa yakan ɗauki tiya 40 ko kusa da haka. Amma kwanon wani gari ba shi ne na wani ba, mudun wannan kasuwa ya fi na waccan ciki, wani ma'auni yakan yi tozo, wani ya tallafa da hannu, wani kuma an bubbuge gindin kwanonsa daga ƙasa. Allah ya saukar da sura guda da sunan masu tauye mudu, amma duk da haka ba a rasa su. Mai hankali yakan sayi kwanonsa na kansa ya ajiye a gida, in ya komo ya sake aunawa. Sau biyu ko uku ya isa ya gane wanda zai riƙa awo a wurinsa.

Kasuwar tana da lokutanta. Mai son hatsi mai kyau da hantsi yake zuwa, kafin 'yan sari su kwashe. Nama kuwa, mahauci ba ya yanka sai ranar kasuwa, domin in ya yanka a wata rana ba shi da masu saye, ba shi kuma da wurin ajiya. Kashi-kashi ake kasa shi, wanda ya makara sai ya tarar da kayan ciki da ƙashi. Don haka mutanen ƙauye suke yin watanda: mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su sayi dabba, a yanka a raba. Baƙon da aka gayyata cikin watanda ya sani an karɓe shi. Kayan gwari kuwa, irin su tumatir da yalo da alayyafo, da la'asar suke sauka, sa'ad da mai kaya ya ga ba zai koma da su gida ba. Kada kuma a je da kuɗi a cikin waya kaɗai. A farkon 2023, lokacin da aka sauya takardun naira kuɗi suka ɓace daga hannun mutane, kasuwannin ƙauye ne suka fi jin jiki, har waɗansu suka koma musayar kaya da kaya. Tsohuwa mai daddawa ba ta san wani kuɗi ba sai wanda za ta ƙulle a bakin zane.

Akwai kuma wata kasuwa da ba ta da rumfa, wadda baƙo ba ya ganinta sai an nuna masa. Kusan kowane gida a ƙauye da abin da matar gidan take sayarwa daga cikin ɗakinta. Wannan tana matsar man gyaɗa tana toya ƙuli-ƙuli, waccan tana yin daddawa, wata fura, wata ɗanwake da safe, wata kuwa tana da gero a tukunya tana aunarwa kaɗan-kaɗan. Yara ne ke kai kawo, ko da talla ko da aike. Wannan kasuwa ba ta tashi ko da yaushe, ita ce kuma ke riƙe gida tsakanin Lahadi da Lahadi. Amma ƙofarta ta wajen mata take. Idan uwargida ta ƙi shiga mutane, ba ta zuwa barka, ba ta zuwa gaisuwa, to har ta shekara ba za ta san cewa man da take aikawa birni a sayo mata ana matsarsa a bayan dangarta ba.

Duk wannan mai sauƙi ne, a wata biyu an koya. Babban abin da ke kā da ɗan birni shi ne lissafin shekara. A birni abinci yakan hau ya sauka, amma ba ya yankewa. A ƙauye kuwa kowane abu da watansa. Gero ne ke fara nuna, wajen ƙarshen Agusta zuwa Satumba, a fara gasa tumu. Sai wake da gyaɗa, sai dawa da maiwa a cikin Nuwamba da Disamba. A wannan lokaci na kaka manomi yana bukatar kuɗi, ga bashin taki, ga aurar da 'ya, ga suturar iyali, sai ya fitar da hatsi, kasuwa ta cika, kuɗinsa ya faɗi. A nan manyan motoci suke zuwa su kwasa su nufi Dawanau da sauran kasuwannin birni. In aka shiga bazara sai abin ya fara hawa. Da ruwa ya zauna, wajen Yuli da Agusta, rumbun talaka ya yi ƙasa, wanda ke da saura ya riƙe abinsa don 'ya'yansa da 'yan ƙodago, hanya kuma ta lalace mota ba ta shiga. A lokacin ne hatsin da aka kwashe da araha yake komowa ƙauyen da aka noma shi da tsada. Ma'aikacin da ya yi ta awon tiya biyu-biyu kowane mako, kamar yadda ya saba, sai ya ga albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata. A nan ake fara cin bashi, a nan kuma ake fara samun saɓani a ɗaka, har wata ta ɗauki 'ya'yanta ta yi yaji ta koma birni.

Magani shi ne ya yi yadda mutanen gari suke yi, ya sayi abincin shekara da kaka, ko da zai matse kansa wata biyu. Waɗansu suna jin tsoron kada wannan ya zama ɓoye abinci da aka hana. Ba haka ba ne. Abin da aka hana shi ne mutum ya kwashe abinci daga kasuwa ana cikin bukata, ya rufe don ya yi tsada ya cuci jama'a. Amma tanadin iyali, ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana ware wa iyalinsa abincin shekara guda.

Sayen ba shi ne wahala ba, ajiyar ce. Manomi ba ya sussuke geronsa duka. A dami yake zuba shi a rumbu, a riƙa fitarwa ana sussukawa gwargwadon bukata, gama hatsi a jikin zangarniya ya fi daɗewa ƙwaro bai taɓa shi ba. Wannan ita ce shawarar da Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ba mutanen Masar don shekarun fari, har yau kuwa tana aiki. Baƙon da ba shi da rumbu zai sayi tsaba ne a buhu, to sai ya tabbata ta bushe sarai, ya ɗora buhunan a kan itace kada su taɓa ƙasa ko bango, don gara da laima. Wake shi ne mai wuyar sha'ani, wata biyu ya isa ƙwaro ya mai da shi gari. Mutanen dā sukan cuɗa shi da toka ko barkono. Yanzu akwai buhu mai ninki uku wanda iska ba ta shiga, akwai kuma jarka mai murfi, in aka cika ta aka toshe, ƙwaron da ke ciki numfashi zai gagare shi ya mutu. Abin da bai kamata ba ko kaɗan shi ne zuba maganin feshi a cikin abin da za a ci. Saboda irin wannan magani ne ƙasashen Turai suka hana shigar da waken Nijeriya a 2015, abin da aka ƙi karɓa a can kuwa bai cancanci a zuba shi a tukunyar yara ba.

Kayan miya ma haka. Da rani tumatir yakan cika ko'ina daga fadamu da gonakin ban ruwa, irin na Kadawa da Kura da ke shan ruwan madatsar Tiga, har ya riƙa ruɓewa a bakin hanya. Da damina kuwa sai ya zama kamar zinariya. Matar ƙauye ba ta damu ba, don tun da rani ta yanka shi ta shanya ya zama kauɗa, ta busar da tattasai da kuɓewa, ta daka kuka ta rufe a tulu. Itace ma kafin ruwa ya sauka ake tara shi a rufe, in ba haka ba amarya za ta yini tana hura ɗanye tana hawaye. Daminar kuma ba ta zuwa hannu wofi. A lokacin ne nono yake yawa, da kauri, da araha, gama shanu sun ƙoshi suna kusa da gida. Ga ƙwan zabi, wanda akan jefa a ruwa a gwada, na kirki ya nutse, dameji ya taso. Ga rama da tafasa da zogale da yakuwa a bayan kowane gida, a dafa a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Da rani kuwa, in Fulani sun yi kudu da shanu, nonon da ya saura sau da yawa an daɗa masa ruwa da garin ƙwallon kuka, mai saye ya ɗanɗana tukuna.

Saura maganar harshe, watau ɗanɗano, ita ce kuwa aka fi jin kunyar faɗi. Wanda ya saba karya kumallo da shayi da burodi, ga shi an ajiye masa ɗumamen tuwon dawa da miyar kuka. Wanda ya saba da shinkafa da miyar dage-dage da rana, a nan fura ce abincin rana. Da dare tuwo, gobe tuwo, jibi tuwo, sai dai miya ta sauya daga kuka zuwa karkashi, daga karkashi zuwa busasshiyar kuɓewa, ba nama sai daddawa da ɗan man shanu in an samu. Ciki ma yakan yi gardama a makon farko, sau da yawa kuwa laifin ruwa ne ba na tuwo ba, don haka a tafasa na sha, musamman na yara, har a san halin rijiyar. Kewar abincin gida ba aibu ba ce, halin ɗan Adam ne. Banu Isra'ila ana saukar musu da abinci daga sama, amma suka ce ba za su jure wa abinci iri ɗaya ba, suka nemi ganyaye da albasa da adasi. Ba laifi uwargida ta ajiye 'yar shinkafarta da taliya don ranar Juma'a ko ranar baƙi. Amma wanda ya ce sai ya ci cimar birni kullum a ƙauye, to a kuɗin mota albashinsa zai ƙare.

Aibun yana wajen kushe. An ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa aibanta abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. An taɓa kawo masa gasasshen damo ya janye hannunsa. Aka tambaye shi ko haramun ne, ya bayyana cewa ba haramun ba ne, sai dai babu shi a ƙasar mutanensa, shi ya sa ransa bai karɓa ba. Halidu ɗan Walidu ya jawo ya ci a gabansa, bai hana shi ba. To ɗan birni da aka miƙo masa soyayyar fara, ko miyar daddawar batso mai ƙarfin wari, yana da hanyar da zai bi ba tare da ya yamutsa fuska ba. Kalma guda ta raini da yaronsa zai faɗa a waje, cewa a gidansu ba a cin irin wannan, ta isa ta zaga gari kafin magariba.

Domin a ƙauye abinci ba na gida ɗaya ba ne. Ranar da baƙo ya sauka, tun bai kunna wuta ba, kwanuka za su fara shigowa daga gidan mai gari da gidan liman da maƙwabta, har kwana biyu ko uku. Da dare kuma magidanta sukan zauna a ƙofar gidan babbansu bayan sallar isha'i ko kafinta, kowa a fito da tuwon gidansa, a buɗe ɗaya bayan ɗaya a ci tare. Wannan ita ce ciyayya. Ta haka wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba yake cin abinci ba wanda ya sani, ta haka kuma ake gane gidan da kwanonsa ya daina fitowa, a san abin da za a yi. Ma'aikacin da ya shige ɗaki ya rufe ƙofa ya ci nasa da cokali, ba wanda zai ce masa kome, sai dai kwanukan su ragu da kaɗan-kaɗan har su ɗauke.

Kwanon da aka aiko da shi ana wanke shi, a ba yaron da ya kawo ɗan tukuici, ranar da aka yi girki mai kyau kuma a zuba a mayar. Ba sai an yi wani abu mai yawa ba. Dafa-dukan da matar birni take gani ba kome ba, a gidan maƙwabciyarta abin marmari ne da yara za su yi ta zancensa. Ita kuwa maƙwabciyar ita ce za ta nuna mata yawan kanwar da miyar kuɓewa ke so, da yadda ake kashe tsamin yakuwa, da yadda ake sa ruwan tsamiya a tuwo don ya kwana bai lalace ba. In kuma aka kai watan Agusta, ruwa ya cinye hanya, kasuwa ta yi mako biyu motar birni ba ta shigo ba, daga gidanta ne za a aiko yarinya da ƙoƙon gero da ɗan curin daddawa a rufe da faifai.

Tamat.